Awon Nisa a Doguwar Garawa: Nazari Kan Wasan Golf a Filayen Dubai

Gabatarwa

Wasan golf, wanda gidajen rediyonmu ke kira ƙwallon lambu, bugu iri biyu ya ƙunsa. Akwai wanda ake ɗaga ƙwallo sama ta keta iska yadi ɗari biyu ko uku, akwai kuma wanda ake gara ta a ƙasa, a kan lallausar shimfiɗar ciyawa da ke kewaye da rami, wadda 'yan wasa ke kira girin. Na farkon shi ke jan idon 'yan kallo, amma na biyun shi ke cinye kusan kashi 40 cikin 100 na duk bugun da mutum zai yi a zagaye guda na ramuka 18.

Wannan nazari ya taƙaita ne ga doguwar garawa, wato wadda ta kai ƙafa 30 zuwa sama, kimanin mita 9 ke nan. A irin wannan nisa ko gwanayen duniya ba kasafai suke jefa ƙwallo rami da bugu ɗaya ba. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne wurin da ƙwallon za ta tsaya bayan ta kuskure ramin: dab da baki, inda bugu na biyu ba ya bukatar tunani, ko can nesa, inda bugu na uku ke jira. Matsayin da nazarin ya ɗauka shi ne cewa iya awon nisa ilimi ne da ake koyo, kuma mafi yawan kuskuren da ake yi a cikinsa yana faruwa tun kafin sanda ta motsa, a lokacin da mutum ke yanke hukunci kan saurin fili da gangararsa. An zaɓi Dubai, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, domin a can abubuwan da ke rikita wannan hukunci sun haɗu wuri guda: faffaɗan girin, ciyawa mai kwanciya, raɓar safiya, iskar hamada, da wasan dare a ƙarƙashin fitilu.

Daga rairayi zuwa ciyawa

Golf a Dubai a kan rairayi ya soma. A filin Dubai Country Club, wanda aka buɗe a 1971, a wancan zamani babu ciyawa ko ƙanƙani. Ɗan wasa yana yawo da guntun tabarmar roba da zai ɗora ƙwallo a kai ya buga, kewayen rami kuwa yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe. Kafin a gara ƙwallo sai a share mata hanya da majanyi. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Filaye da dama a arewacin Nijeriya sun daɗe a kansa, haka ma wanda ke gefen birnin Yamai, kuma a kan irin wannan yashi ne Peter Tupling ɗan Ingila ya kammala gasar Nijeriya ta 1981 a Ikoyi da bugu 255 a zagaye huɗu.

A 1988 aka buɗe Emirates Golf Club, filin ciyawa na farko mai ramuka 18 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Karl Litten ɗan Amurka ne ya zana babban filinsa, Majlis. Shekara guda bayan haka aka fara gasar Dubai Desert Classic, Mark James ya lashe ta farko. Dubai Creek ya biyo baya a 1993, sannan filin Earth na Jumeirah Golf Estates, wanda Greg Norman ya zana, ya zama masaukin gasar rufe kakar 'yan wasan Turai tun 2009.

Wannan sauyi ya canza yanayin matsalar baki ɗaya. Da'irar yashi ƙarama ce, shimfiɗaɗɗiya, mai nauyi, kuma yadda take da safe kusan haka take da yamma. Wanda ya hau kanta ya riga ya kusanci rami, don haka doguwar garawa ba ta cika tasowa ba. Girin na zamani kuwa yana da faɗi, yana da tudu da kwari da matakai. A Majlis rami na 9 da na 18 girin ɗaya suke tarayya a kai, a gaban ginin kulob mai siffar tantunan Larabawan ƙauye, ga tafki a gabansa. Wanda ya ji tsoron ruwan ya ƙara ƙarfi zai tsinci ƙwallonsa can baya, doguwar garawa mai gangarowa tana jiransa. An kuma sake gina girin ɗin Majlis a 2021, aka faɗaɗa su. Faɗin girin yana sauƙaƙa hawa kansa, amma yana tsawaita garawar farko.

Abin da alƙaluma suka nuna

Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Columbia da ke New York shi ne ya fi kowa tsefe alƙaluman garawa. Babbar gasar ƙwararru ta Amurka ta karɓi ma'auninsa a 2011, ya kuma baje sakamakonsa a littafinsa Every Shot Counts a 2014. Bisa alƙalumansa, ƙwararren ɗan wasa yana jefa kashi 96 cikin 100 daga ƙafa 3, kashi 88 daga ƙafa 4, kashi 66 daga ƙafa 6, rabi daidai daga ƙafa 8. Daga ƙafa 30 kuwa kashi 7 kacal ke shiga. A wajen ƙafa 33 matsakaicin bugunsa biyu ne cif, ma'ana yawan shigar da bugu ɗaya ya yi daidai da yawan yin garawa uku. Daga nan sai ma'auni ya rinjaya ɓangaren asara. A ƙafa 40, kashi 4 ke shiga, kashi 10 ke ƙarewa da garawa uku. A ƙafa 60, kashi 2 ke shiga, kusan kashi 23 ke ƙarewa da uku.

Darussa biyu ke cikin waɗannan lambobi. Na farko, daga ƙafa 33 zuwa sama abin da za a rasa ya fi abin da za a samu, saboda haka aikin bugun farko shi ne kare na biyu. Na biyu, tsakanin ƙafa 3 da ƙafa 6 akwai tazarar kashi 30 cikin 100. Taku guda ne kawai na mutum, amma a cikinsa ake cin gasa ko a rasa ta. Idan haka lamarin yake ga waɗanda wasan ya zame wa sana'a, ɗan wasan ƙarshen mako ya fi su bukatar ƙwallonsa ta tsaya kusa.

Tarihin Dubai yana da dogayen garawa da suka faɗa rami a lokacin da ake matuƙar bukata. A 2008 Tiger Woods ya jefa ta kimanin ƙafa 25 a rami na 18 na Majlis, ya ci gasar Desert Classic da ratar bugu ɗaya. A 2015, a filin Earth, Rory McIlroy ya jefa ƙwallonsa ruwa a rami na 17, sannan ya ceci kansa da garawar ƙafa 30 ko fiye, ya tsere wa Andy Sullivan. A 2024 ya sake jefa wata da ta haura ƙafa 40 daga gefen girin na 18 a Majlis, ya rufe zagaye na uku da bugu 63, washegari ya ɗaga kofin Desert Classic karo na huɗu. Irin waɗannan ake maimaitawa a talabijin, su ne kuma ke yaudarar ɗan koyo, domin ba a nuna masa ɗaruruwan da suka tsaya kamu ɗaya daga rami aka tura su ciki ba tare da tafi ba. Alhali da waɗannan ɗaruruwan ake gina nasara.

Lissafin gudu da gangara

Me ya sa nisa ya fi saiti wuyar kamawa? Lissafi mai sauƙi ya isa ya amsa. Idan fuskar sanda ta karkace da digiri ɗaya a garawar ƙafa 40, ƙwallo za ta kauce wa rami da inci 8 ko kaɗan fiye. Ko digiri biyu ne, kaucewar ba ta kai ƙafa ɗaya da rabi ba. Amma nisan da ƙwallo ke yi yana tafiya ne da gudunta an ninka shi da kansa. Ƙarin kashi 5 cikin 100 a gudun farko yana haifar da ƙarin kusan kashi 10 a nisa, wato ƙafa 4 a garawar ƙafa 40. Kuskuren da hannu ba zai ma ji ya yi ba ya isa ya mayar da bugu mai tabbas ya koma mai fargaba.

Saurin girin kuma ana auna shi da wani ƙarfe mai kwari a tsakiya, tsawonsa inci 36, wanda Edward Stimpson na Massachusetts ya ƙirƙira a 1935, hukumar golf ta Amurka ta gyara shi ta yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1970. Ana ɗora ƙwallo a kansa a ɗaga gefe ɗaya har ta sulluɓo da gudun kusan ƙafa 6 a daƙiƙa, sai a auna iya ƙafar da ta yi a shimfiɗaɗɗen wuri. Idan ta yi ƙafa 10, saurin girin 10 ne. Filayen yau da kullum sukan tsaya a 9 ko 10, na manyan gasa sukan kai 12 ko 13. Bugun da ya kai ƙwallo ƙafa 40 a girin mai saurin 10 zai kai ta ƙafa 48 a mai saurin 12. Mutum bai canza komai a hannunsa ba, amma ya wuce rami da ƙafa 8.

Gangara ta fi wannan tsanani. A ɗauki gangarar kashi 2 cikin 100, wadda ido ba ya saurin lura da ita. A girin mai saurin 10, bugun ƙafa 40 zai yi kusan ƙafa 54 in ana gangarowa, kusan 32 in ana hawa. A mai saurin 12, bugun da ke kai ƙafa 40 a shimfiɗe zai yi wajen 58 a gangare, 31 a hawa. Lissafi ne na kusa, domin ƙwallo takan ɗan zame kafin ta kama mirginawa sosai, ciyawa kuma ba ta zama iri ɗaya ko'ina. Duk da haka ya bayyana abu biyu: hukuncin gangarowa ya fi na hawa tsanani, kuma duk lokacin da girin ya ƙara sauri, tasirin gangara yana ƙaruwa fiye da kima. Shi ya sa wanda ya saba da fili mai nauyi, in ya zo mai sauri, ba a shimfiɗe yake shan wahala ba kamar yadda yake sha a kan tudu.

Ciyawa, raɓa da iskar Dubai

Ciyawar da aka shimfiɗa a girin ɗin Majlis dangin bamuda ce, 'yar'uwar ƙiri-ƙirin da ke yaɗo a fadamunmu. Ire-irenta na zamani an samar da su ne a Tifton ta jihar Jojiya a Amurka, ta hanyar haɗa ƙiri-ƙiri da wata danginta ta Afirka ta Kudu. Tana jure zafin da kan haura digiri 40 a bazarar Dubai, wasu sababbin filayen yankin kuma sun koma ga faspalam, wadda ke jure ruwa mai gishiri. Halin bamuda shi ne ba ta tsayawa tsaye, kwanciya take yi ta fuskanci gefe guda, sau da yawa inda ruwa ke gangarawa. Kamar karan-miski take: in ka dube ta ta inda ta kwanta sai ta yi haske da sheƙi, in ka dube ta ta inda ta fuskanto ka sai ta yi duhu. Haske na nufin ƙwallo za ta bi kwanciyar ciyawa ta yi sauri, duhu na nufin za ta yi karo da ita ta yi nauyi. Bakin rami ma yana ba da shaida, domin gefen da ya yi kaushi ya ƙone shi ne inda ciyawa ta nufa. A garawar ƙafa 50 ƙwallo na iya ratsa wurin haske da wurin duhu kafin ta isa, kowanne da saurinsa.

Sai lokaci. A watannin sanyi, lokacin da ake manyan gasa, safiyar Dubai takan zo da raɓa, wani lokaci da hazo mai jinkirta fara wasa. Jiƙaƙƙen girin nauyi gare shi. Rana na ɗagawa sai ya bushe ya yi sauri, iskar shamal da ke busowa daga arewa maso yamma ta ƙara busar da shi, ita kanta kuma tana iya tura ƙwallo mara nauyi, wadda ba ta wuce giram 46 ba, a kan girin mai santsi. Can da la'asar ciyawar da aka aske da asuba ta ɗan tofo, sawun ƙafafu ya yawaita, kwanciyarta ta ƙara bayyana. A filin Faldo na Emirates Golf Club ana wasa da dare a ƙarƙashin fitilu, har an yi gasar ƙwararrun mata a haka a 2019. Da dare raɓa tana dawowa, hasken fitila kuma yana shafe inuwar da ido ke dogara da ita wajen gane tudu da kwari. Ruwan sama ma yakan shigo lissafi, kamar a Janairun 2023 da ya tilasta aka kammala Desert Classic ranar Litinin.

Ma'anar duk wannan ita ce lambar saurin da aka auna da asuba ba ta wakiltar yini duka. Wanda ya zo da awon jiya, ko ma awon safiya, ya zo da ma'aunin da ya riga ya tsufa.

Hannu, ido da zuciya

Binciken masana motsin jiki ya nuna yadda gwanaye ke sarrafa ƙarfi. Wani nazari da Delphine Delay da abokan aikinta a Faransa suka buga a 1997 ya gano cewa gwani yana ƙara tsawon lilon sanda ne gwargwadon nisa, lokacin lilon kuwa ba ya canzawa sosai. Ɗan koyo yakan ja sanda baya kaɗan, sannan ya fizgo ta da ƙarfi don cike giɓi. Fizga ba ta da ma'auni, domin ba a iya maimaita ta sau biyu iri ɗaya. Tsawon lilo kuwa abu ne da ido ke gani, jiki ke tunawa. Akwai kuma wurin da ƙwallo ta taɓa fuskar sanda. In ta kauce wa tsakiya, wani kaso na ƙarfin ya salwanta, kuma dogon lilo ya fi jawo wannan kaucewa. Garawa da yawa da suka gaza isa rami ba rashin ƙarfi ne ya jawo ba, rashin dacewa da tsakiyar sanda ne.

Sai dai hannu ba shi ne babban mai laifi ba. Jon Karlsen na makarantar nazarin wasanni ta Norway, tare da Johnny Nilsson, sun rarraba musabbabin kuskuren nisa a tsakanin ƙwararru a 2008, suka samu cewa fiye da rabinsa daga karatun girin yake fitowa, salon bugu yana biye, rashin daidaiton fili kuma kaso ne ƙarami. Wannan sakamako ya saɓa wa yadda akasarin mutane ke horo. Sukan tsaya wuri guda da ƙwallaye biyar suna gyaran hannu, alhali ƙwallo ta farko ta riga ta faɗa musu amsar, sauran huɗun kwaikwayo ne kawai. A cikin wasa kuwa ƙwallo ɗaya ake ba mutum, tambaya ɗaya, ba maimaici.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, da sharaɗin an horar da shi. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada, wadda ta fara bin diddigin kallon masu garawa tun 1992, ta nuna cewa gwanaye suna tsayar da ido wuri ɗaya na tsawon daƙiƙa biyu zuwa uku kafin bugu, na ɗan koyo kuwa yawo yake yi. Kallon rami na ƙarshe shi ke ɗora wa jiki hoton nisa, hoton kuma yana dusashewa da sauri. Wanda ya kalli rami sannan ya daɗe a sunkuye yana tunanin gwiwar hannu da kafaɗa, ya buga ne bayan hoton ya gushe.

Zuciya ma tana da nata kaso. Devin Pope da Maurice Schweitzer sun nazarci garawa fiye da miliyan biyu da rabi ta ƙwararru, suka buga sakamakon a 2011. Sun samu cewa daga nisa iri ɗaya, ɗan wasa ya fi jefa ƙwallo in yana kare kansa daga asarar bugu fiye da in yana neman riba, kuma garawar neman riba ta fi tsayawa kafin rami. Ke nan ƙarfin da hannu ke fitarwa yana canzawa da abin da ke kan takardar maki, ko da fili bai canza ba. Natsuwa na iya kuɓuce wa kowa. A Janairun 2024, a Dubai Creek, McIlroy ya yi garawa uku daga kimanin ƙafa 2 a rami na 14 a zagayen ƙarshe, Tommy Fleetwood ya ci gasar da ratar bugu ɗaya.

A wuce rami ko a tsaya a bakinsa?

Tsohuwar magana a tsakanin 'yan golf ita ce ƙwallon da ba ta isa rami ba ba ta shiga. Dave Pelz, masanin kimiyyar da ya bar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ya koma nazarin golf, ya ba maganar lamba: a buga da ƙarfin da zai wuce rami da inci 17. Hujjarsa ita ce kewayen rami ya sha tattaki, ƙwallon da ta zo a gajiye kuma kowane ɗan kumburi na iya kautar da ita. A gajeriyar garawa wannan shawara tana da ƙarfi.

Amma gudu yana da farashi. Faɗin rami inci huɗu da kwata ne, kuma Brian Holmes ya lissafta a 1991 cewa ko ƙwallo ta zo tsakiyarsa daidai, in gudunta ya haura kimanin mita 1.6 a daƙiƙa za ta tsallake. Gwargwadon ƙaruwar gudu, gwargwadon ƙuncin ƙofar da za ta karɓe ta. Mai mirginowa a hankali tana iya faɗawa ta gefe, mai gudu sai ta tsakiya.

A doguwar garawa akwai hujja mafi girma. A ce kuskuren mutum daga ƙafa 40 yana kaiwa ƙafa 4 gaba ko baya. In ya ɗauki alkawarin ba zai taɓa gazawa ba, dole ya tura tsakiyar bugunsa ƙafa 4 bayan rami, mafi muninsu kuma ya kai ƙafa 8, inda ko gwani rabi yake jefawa. Ya sayi ƙarin damar da ba ta wuce kashi kaɗan ba da tsadar garawa uku. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin da lissafi ya goyi baya shi ne a sanya rami a tsakiyar kuskuren, ko a wuce shi da ɗan kaɗan. Alamar mai yin daidai ita ce wani kaso mai yawa na dogayen garawarsa, kusan rabi, yana tsayawa kafin rami amma kusa da shi. Gazawa da kamu ɗaya daga ƙafa 50 ba abin kunya ba ne, aiki ne mai kyau.

Tsarin horo

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da tsari mai matakai. Na farko shi ne awon ranar. Kafin fara wasa, mutum ya nemi shimfiɗaɗɗen wuri a girin ɗin gwaji, ya yi lilo iri uku da ya sani sarai, gajere da matsakaici da dogo, ba tare da nufin wani rami ba, ya ƙirga takun da kowanne ya kai. Ya maimaita a hawa da gangare. Minti goma sun isa su ba shi ma'aunin yau. A Dubai, wanda zai fara da safe ya sa a ransa cewa ma'aunin zai motsa kafin ya kai rami na 9, ya riƙa lura da ƙwallayen abokan wasansa yana gyarawa.

Na biyu shi ne karatu da ƙafa. Mutum ya taka daga ƙwallo zuwa rami yana ƙirga taku, domin ido yakan rage nisa, tafin ƙafa kuma yana jin gangarar da ido bai gani ba. A kan wannan ne Mark Sweeney ya gina tsarinsa na AimPoint, wanda ƙwararru da dama ke bi. Ɗan wasa ya tsaya a tsakiyar hanya ta ɓangaren da ya fi ƙasa ya dubi hawa da sauka, ya fi mai da hankali ga kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe, inda ƙwallo ta rage gudu, gangara da kwanciyar ciyawa suka fi juya ta. Sannan ya mayar da duk abin da ya gani lamba ɗaya: wannan ƙafa 40 ce mai gangarowa, zan buga ta kamar 30.

Na uku shi ne horo mai canzawa. Binciken koyon motsi tun daga aikin John Shea da Robyn Morgan na 1979 ya nuna cewa cakuɗa ayyuka yana sa horo ya yi wuya a ranar, amma abin da aka koya ya fi zama. Don haka ƙwallo ɗaya, nisa dabam kowane bugu, a kuma ƙarasa ta cikin rami kamar a gasa. Ana iya haɗawa da wasan tsani, inda kowace ƙwallo za ta wuce ta baya da ɗan kaɗan, da kuma gara ƙwallo zuwa bakin girin, inda babu ramin da zai ɗauke hankali daga nisa.

Na huɗu shi ne hasashe kafin kallo. Bayan bugu, kafin mutum ya ɗaga kai, ya faɗa wa kansa: ta gaza, ta wuce, ko ta yi daidai, kuma da nawa. In hasashensa ya dace amma ƙwallo ta yi nisa da rami, laifin hannu ne. In ya ji bugun ya yi daidai amma sakamako ya saɓa, laifin karatu ne. Wannan rarrabewa ita ce zuciyar horon, domin ba a maganin ciwon da ba a gano ba. Na biyar, ya riƙa rubuta ragowar nisan da kowace doguwar garawa ta bari. Mizani mai kyau shi ne kada ragowar ta wuce kashi 10 cikin 100 na nisan farko.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa a doguwar garawa nisa ya fi saiti muhimmanci, cewa ƙaramin kuskure a gudu yana ninkuwa a nisa, cewa sauri da gangara da kwanciyar ciyawa suna ƙarfafa juna, kuma cewa mafi girman kaso na kuskure yana cikin karatun fili. Filayen Dubai sun fito da wannan a sarari saboda yanayinsu yana juyawa cikin yini guda.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin 'yan wasan Kano, Kaduna, Zariya da Jos sun fara ne da ɗaukar jakar sanduna suna yara, wasunsu kuma a kan yashi hannunsu ya buɗe. Yashi yana koyar da bugu mai ƙarfi, miƙaƙƙe, mara tsoro, wanda ke da amfani ƙwarai kusa da rami. Abin da ba ya koyarwa shi ne sakin ƙwallo a hankali daga ƙafa 50 a bar gangara ta ƙarasa aikin. Matashin da ya fito daga can ya je gasa a Abuja ko Legas, balle Dubai, ba baiwa ya rasa ba, wurin gwaji ya rasa. Saboda haka kulob ɗin da ke son yaransa su yi nisa, kafin ya sayo sababbin sanduna, ya fara gina girin ɗin gwaji guda ɗaya mai faɗi da tudu da kwari, ya tanadi ruwan shayar da shi, ya samu ƙarfen awon sauri, ya kuma buɗe wa masu ɗaukar jaka ƙofarsa su yi horo a kai. Ciyawar da ake bukata danginta na tsirowa a ƙasarmu, ilimin kuma a rubuce yake. Abin da ya rage shi ne shugabannin kulob da masu horarwa su ɗauki awon nisa a matsayin darasin da ake koyarwa da tsari tun daga ranar farko.